Jajiberin Waliyyai da Shigar Dodanni: Tarihin Saɓanin Kirista a kan Bikin Halowin

A daren 31 ga watan Oktoba na kowace shekara, da zarar rana ta faɗi a biranen Amurka da Kanada, da Ayalan da Sikotilan, sai yara su fito cikin shigar burtu, wannan ya zama fatalwa, wancan ƙwarangwal, wata mayya, wata kuma 'yar sarki, su riƙa bin gidaje ƙofa ƙofa da 'yan jakunkuna ana zuba musu alewa da cakulan, ga kabewa a bakin ƙofofin an rarake cikinta, an yanka mata idanu da haƙora, an kunna kyandir a ciki. Wanda ya san tashen yara a watan azumi ba zai sha wahalar gane siffar abin ba, ko da yake babu wata nasaba a tsakaninsu. Wannan shi ne bikin Halowin, kuma a layi guda, cikin mutanen da duk suke amsa sunan Kirista, suke karanta littafi ɗaya, za a tarar da gidan da ya cika tasa da alewa yana jiran yara, a tarar da wanda ya kashe fitilar ƙofa ya kulle, domin a wurinsa daren na Shaiɗan ne, kuma duk wanda ya sa ɗansa a ciki ya yi tarayya da masu bautar gumaka. Saɓanin nan ya girmi bikin kansa da ƙarnuka masu yawa, kuma wanda yake so ya fahimce shi sai ya koma can baya, zamanin da Kirista suke 'yan tsiraru a daular Rum.

Tun a zamanin Manzo Bulus mas'alar ta taso, sa'ad da mutanen Koranti suka tambaye shi hukuncin naman da aka yanka wa gumaka aka kawo kasuwa. Amsar da ya ba su a wasiƙarsa ta fari tana da fuska biyu, kuma har yau kowane ɓangare da fuskar da yake riƙo: a sura ta 8 ya nuna cewa gunki ba kome ba ne, nama kuwa nama ne, sai dai mai ilmi ya kiyaye kada 'yancinsa ya zama sanadin tuntuɓen mai raunin imani, a sura ta 10 kuwa ya tsananta, ya hana a haɗa teburin Ubangiji da teburin aljannu. Wajen shekara ta 200, wani malami na Kartaj a Afirka ta Arewa, Tartuliyan, mutum mai kaifin harshe da zafin ra'ayi, ya rubuta risala a kan bautar gumaka, inda ya yi kukan cewa Kirista sun dulmuya cikin shagulgulan sabuwar shekara na Rumawa, suna aika kyaututtuka suna karɓa, alhali masu bautar gumakan sun fi su kishin addininsu, tun da ba a taɓa ganin ɗayansu ya zo ya yi Lahadi da Kirista ba.

Shigar burtun kanta ma an daɗe ana fama da ita, sai dai a farkon Janairu take, ba a Oktoba ba. A ƙasashen da yau ake kira Faransa da Sifen, maza sukan yafa fatun dabbobi, su ɗora ƙahonin barewa a ka, wasu su yi shigar mata, su bi gari ana kiɗa. Bishop na Basalona a ƙarni na 4, Fasiyan, ya wallafa littafi sukutum don sukar wasan barewar, daga baya kuma ya dawo yana nadama, yana cewa ga alama mutanen ba su iya wasan sosai ba sai da ya siffanta musu shi a cikin sukarsa. (Da masu wa'azi na bayansa sun yi tsokaci a kan wannan nadama, da an rage asarar tawada mai yawa.) Sizariyus, bishop na Arles wanda ya rasu a 542, ya yi ta huɗuba a kan abu ɗaya, har yana umurtar jama'a kada su bar masu shigar su tsaya a ƙofar gidajensu. A 692 wata majalisar malamai da ta zauna a Kustantiniyya ta haramta sa fuskokin wasa da musayar tufafi tsakanin maza da mata a irin waɗannan bukukuwa, ta yanke cewa malamin coci da ya aikata a tuɓe shi, wanda ba malami ba a ware shi daga jama'a. Yawan maimaita haramcin a majalisa bayan majalisa shi ne babbar shaidar cewa ba a ji ba.

A gefe guda kuma akwai wata mazhaba ta lallashi, wadda mafi shaharar hujjarta ita ce wasiƙar Paparoma Giregori na Farko ta shekarar 601. Ya riga ya aika masu bishara zuwa Ingila, waɗanda suka sauka a 597, ya kuma rubuta wa sarkin Kent ya rushe ɗakunan tsafi. Amma da ya sake nazari sai ya aika wa wani shugaban ruhubanawa mai suna Melitus da sabon umurni, cewa idan ginin mai kyau ne kada a rushe shi, a fitar da gumakan kawai, a tsarkake wurin, a kafa bagadi, domin mutane su ci gaba da zuwa inda ƙafarsu ta saba. Kuma tun da sun saba yanka shanu don aljannu, a bar su su yanka a ranakun shahidai, su ci, su gode wa Allah, gama mai hawan tudu taki-taki yake hawa, ba da tsalle ba. Malamin tarihi Bida ne ya adana wasiƙar a littafinsa da ya kammala a 731. Da yawa daga marubutan zamani sukan kawo ta a matsayin dalilin cewa coci da gangan ta ɗora idinta a kan bikin jahiliyyar Ayalan, sai dai wasiƙar ba ta ambaci Ayalan ba, ba ta kuma ambaci watan Nuwamba ba.

To, mene ne wannan bikin jahiliyya da ake ta magana? Mutanen Ayalan da tsaunukan Sikotilan suna da wata rana a farkon Nuwamba wadda suke rubutawa Samhain, su furta Sawin, ita ce iyakar kaka da mafarin hunturu: lokacin da ake sauko da shanu daga makiyayar tuddai, a yanka waɗanda ba za a iya ciyarwa har bazara ba, a biya haraji, sarakuna su yi taro da walima. Tatsuniyoyinsu sun cika da abubuwan al'ajabi da suke aukuwa a wannan dare, tuddan da mutanen ɓoye suke ciki su buɗe, jarumai su shiga ko a fito musu. Wannan kam tabbas ne. Amma waɗanda suka rubuta labaran ruhubanawan Kirista ne, ɗaruruwan shekaru bayan Waliyyi Patrik ya yi wa'azin Kiristanci a Ayalan a ƙarni na 5, kuma babu a cikin rubutunsu inda aka ce ranar idin matattu ce, ko ana shigar dodanni don a ɓace wa fatalwa. Shahararren bayanin nan na bokayen da suke hura wuta mai tsarki a kan tudu, daga alƙalamin wani fada ya fito, Jefri Kitin, a ƙarni na 17, watau bayan fiye da shekara dubu. Duk mai ilmin ruwaya da aka kawo wa isnadi mai irin wannan giɓi ya san matsayin da zai ba shi.

Ɓangaren Kiristanci na labarin ya fi samun takardu. Tun da shahidan zamanin tsanani sun fi kwanakin shekara yawa, sai aka ga ya kamata a ware rana ɗaya ta tuna su baki ɗaya. A ranar 13 ga Mayu, 609 ko 610, Paparoma Bonifas na Huɗu ya karɓi tsohon haikalin nan na Rum mai ƙubba, Fantiyon, daga hannun sarki Fokas, ya keɓe shi da sunan Maryamu da dukan shahidai. Giregori na Uku, wanda ya yi mulki daga 731 zuwa 741, ya gina ɗakin sujada a majami'ar Bitrus don dukan waliyyai. Wajen shekara ta 800 muna ganin Alkuwin, malamin Ingila da yake fadar Sarki Shalman, yana ƙarfafa wa abokinsa bishop na Salzbog ya kiyaye idin a ranar 1 ga Nuwamba, kuma bisa ruwayar da ta shahara, a 835 ne sarki Luwis, ɗan Shalman, ya wajabta ranar a daularsa da shawarar Giregori na Huɗu. Abin lura a nan, wanda malamin tarihi Ronal Hoton na Jami'ar Biristol ya jawo hankali gare shi a 1996, shi ne cewa wani tsohon kundin ranakun waliyyai na Ayalan ya sa irin wannan idi a ranar 20 ga Afrilu. Da a ce don a danne Sawin aka zaɓi Nuwamba, ai da daga Ayalan zaɓin zai fito, sai ga shi ya fi ƙarfi a Ingila da ƙasar Jamus. Kiristocin Gabas kuwa har gobe a Lahadin da ke bin Fentikos suke nasu. Sunan Halowin kansa ma'anarsa jajiberin idin dukan waliyyai.

Matattu sun shigo ne ta wata ƙofa. Wajen shekara ta 1000, Odilo, shugaban gidan ruhubanawa na Kuluni a Faransa, ya umurci dukan gidajen da ke ƙarƙashinsa su keɓe 2 ga Nuwamba don yi wa rayukan muminai addu'a, al'adar kuma ta bazu, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da aƙidar Katolika cewa akwai wani masauki bayan mutuwa inda ake tsarkake ran wanda ya mutu cikin imani amma da sauran dauɗar zunubi, kuma addu'a da sadakar masu rai suna rage masa zama a can. An tabbatar da aƙidar a majalisar Liyon ta 1274. Daga nan kwanakin uku, watau jajiberi da ranar waliyyai da ranar rayuka, suka zama mallakin talakawa. A Ingila akan kwana ana kaɗa ƙararrawar coci don rayuka; mata su gasa 'yan ƙananan waina, mabarata da yara su bi gida gida suna karɓa, a kan alkawarin kowace waina za a biya ta da addu'a ga mamatan mai gida. Idan ana neman kakan yawon alewa na yau, wannan bara ta fi kowane bokan jahiliyya kusa da gado.

Sai ga 31 ga Oktoba, 1517. A wannan rana ce Martin Luta, ruhubani kuma malamin jami'a a Witinbag, ya aika wa babban bishop na Mainz da mas'aloli 95 yana ƙalubalantar cinikin takardun gafara, waɗanda masu tallarsu suke cewa suna fitar da rai daga wurin tsarkakewa. Ruwaya ta ce ya kuma manna su a ƙofar majami'ar fada, wadda sunanta majami'ar Dukan Waliyyai, inda washegari za a baje dubban kayan tabarruki da ƙasusuwan waliyyai da mai mulkin ƙasar ya tara, masu ziyara su samu gafara. Ashe jajiberin nan shi ne ranar haihuwar Furotesta, kuma abin da suka fara yaƙa shi ne ainihin tushen da kwanakin uku suke tsaye a kai. A Ingila dokar 1547 ta rushe waƙafan da aka kafa don yi wa matattu addu'a, littafin salla na 1549 ya riƙe idin waliyyai ya zubar da ranar rayuka, aka hana ƙararrawar dare, ko da yake shekaru da yawa bayan haka kotunan coci suna ta gurfanar da ƙauyawan da suka saci jiki suka kaɗa. A yankin Lankasha, inda Katolika suka yi saura, iyali sukan hau tudu da tsakar dare, ɗaya ya ɗaga dami na ciyawa mai ci da wuta a kan cokalin noma, sauran su durƙusa kewaye da shi suna yi wa mamatansu addu'a har wutar ta mutu. Sauran Ingilishi kuwa, bayan makircin 1605 na tarwatsa majalisa da albarushi, sai suka mayar da wutarsu zuwa 5 ga Nuwamba, ta zama wutar murnar kuɓuta daga Katolika.

A nan ne, a ganina, zargin maguzanci ya samu kaifinsa. Malaman Furotesta, musamman na Sikotilan waɗanda suka soke dukan idodi tun 1560, sun ɗauki duk abin da ba su samu nassinsa a Littafi Mai Tsarki ba a matsayin bid'a, kuma hanya mafi sauƙi ta rusa bid'a ita ce a nuna cewa gadon masu gumaka ce Rum ta yi wa wanka. Wani fasto na Sikotilan, Alekzanda Hislop, ya kai wannan hanya matuƙa a littafinsa na 1858, inda ya jingina kusan kowane idin Katolika, har da Kirsimeti, ga Babila. Kafin shi wani injiniyan soja Bature da ya zauna a Ayalan, Cals Balansi, mai son ƙiyasin kalmomi ba da ilmi ba, ya riya cewa Sawin sunan wani ubangijin mutuwa ne, abin da babu shi a kowane tsohon rubutu, amma har yau yana yawo a takardun wa'azi. Daga baya malaman jami'a biyu, Jon Ris na Okisfod da Jems Fireza na Kambirij, suka ƙara da cewa ranar ita ce sabuwar shekarar mutanen da, kuma idin matattunsu. Ta haka zance ya tashi daga mumbari ya shiga jami'a, ya komo mumbari da rawanin ilmi. Abin dariya kuwa, duk tsananin dattawan cocin Sikotilan, a ƙasarsu ce bikin ya fi daɗewa da rai: 'yan mata suna jefa 'ya'yan itace cikin wuta don duba wanda za su aura, samari suna shafa baƙin toka a fuska suna yawo, har mawaƙinsu Robat Bans ya siffanta camfe-camfen daren a wata waƙa ta 1785.

Turawan da suka fara kafa yankin Masacusets a Amurka masu tsananin ra'ayi ne, waɗanda daga 1659 zuwa 1681 suke cin tarar sule biyar ga duk wanda aka kama yana bikin Kirsimeti, balle a yi zancen jajiberin waliyyai. Bikin ya ƙetare teku ne a ƙarni na 19 tare da 'yan ci-rani, musamman bayan cutar da ta lalata dankalin Ayalan daga 1845, yunwa ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, fiye da miliyan kuma suka yi hijira. A can gida wani ɗan tushen shuka mai tauri suke rarakewa su yi fitila. A sabuwar ƙasa suka tarar da kabewa, ga girma ga laushi. Damuwar hukuma da ta coci a wancan zamani ba ta aƙida ba ce, ta tarbiyya ce, domin daren ya zama na ɓarnar samari: a ciccire ƙyauren shinge, a kifar da ɗakin ba-haya, a wayi gari a ga keken dokin manomi a kan rufin rumbunsa. A 1920 mutanen wani ɗan gari, Anoka a jihar Minesota, da suka gaji da ganin shanunsu an sake su suna yawo a titi, suka shirya fareti da rabon alewa don su shagaltar da yaran, garuruwa da makarantu da coci-coci kuma suka bi sahu. Yawon alewa kamar yadda aka san shi yau ya bayyana a jaridun Kanada kafin 1930, ya tsaya cik lokacin ƙarancin sukari na Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo da ƙarfinsa bayan yaƙin. A 1950 ma gidan wani fasto ne a Filadelfiya, Kilaid Alison da matarsa Meri Ema, suka fara tura yara da kwalayen madara su roƙo kuɗi don asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya. Dala 17 aka ce an fara tarawa, abin kuma ya bunƙasa har ya tara miliyoyi. A waɗannan shekaru da wuya a ji fasto yana kiran daren da sunan Shaiɗan; sau da yawa a zauren coci ake yin wasan.

Iska ta juya daga wajen 1966, shekarar da wani Anton Labe ya kafa abin da ya kira Cocin Shaiɗan a San Faransisko, ya kuma lissafa Halowin cikin ranakunsa, yayin da sababbin masu da'awar farfaɗo da addinin jahiliyyar Turai su ma suka ɗauki Sawin a matsayin idinsu, suna dogara, abin mamaki, da littattafan su Fireza. Ga finafinan ban tsoro suna ƙara jini a cikin bikin, musamman daga 1978. A 1972 wani mai suna Maik Wanki ya fitar da littafi yana iƙirarin cewa shi tsohon babban limamin matsafa ne da ya tuba, ya yi shekara ashirin yana cika majami'u da labaransa, sai a 1992 wata mujallar Kirista ta Cikago ta bi diddigi, ta tambayi waɗanda suka yi makaranta da shi, ta nuna cewa labarin ƙage ne. A 1992 ɗin kuma wani jami'in hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, Kenet Lanin, ya fitar da rahoton cewa bai samu shaidar ƙungiyoyin da ake cewa suna yanka yara don tsafi ba. Haka jita-jitar alewa mai guba: shari'ar da ta fi tayar da hankali, ta 1974 a Teksas, uban yaron ne da kansa ya sa gubar don kuɗin inshora, aka kuwa zartar masa da hukuncin kisa a 1984. Amma tsoro ya riga ya shiga gida, kuma 'yan littattafan zane na wani mai ɗab'i, Jak Cik, waɗanda suke haɗa bokayen Ayalan da matsafan zamani a zare ɗaya, an buga su da yawan gaske, har wasu iyaye suna jefa su cikin jakar yara tare da alewa.

Ba zai zama adalci ba a ce duk mai ƙin bikin ruɗaɗɗe ne. Masu zurfin tunani daga cikinsu ba su damu da ingancin labarin bokaye ba. Hujjarsu ita ce sura ta 18 ta Maimaitawar Shari'a, wadda ta haramta duba da sihiri da neman matattu, da gargaɗin wasiƙar Afisawa a kan tarayya da ayyukan duhu, suna cewa ko da asalin ranar fari ne tas, abin da ido yake gani yau, watau ƙawata mutuwa da maita da zubar jini a gaban ƙananan yara, ya isa dalili. Wannan magana tana da nauyi, kuma ta fi ta asali ƙarfi nesa ba kusa ba, gama wanda ya kafa haramci a kan asali kaɗai, to, sunayen kwanakin mako na Turanci, waɗanda yawancinsu na gumaka ne, za su zo su tsaya masa a gaba. Masu halattawa kuwa suna riƙe da sura ta 14 ta Romawa, inda aka bar wa kowa lamirinsa game da fifita wata rana, suna cewa hukunci yana bin niyya da al'adar da ake ciki, kuma yarinyar da ta yi shigar mage ba ta nufin bauta wa kowa. Wasunsu ma suna ganin yi wa Iblis dariya alama ce ta cewa an daina tsoronsa. Shaidun Jehobah sun huta da gardamar, tun da sun bar wannan da Kirsimeti da bikin ranar haihuwa gaba ɗaya. Mafi yawa dai sun bi hanyar Giregori ba tare da sun san sunansa ba: coci ta shirya bikin kaka a daren, a jera motoci a harabarta ana raba alewa daga bayan mota, a ce yara su zo da shigar Nuhu ko Dauda. Wasu kuma, tun daga abin da mutanen fasto Jeri Falwel suka fara a Bajiniya a 1972, sun gina gidajen tsoro nasu, inda ake zagayawa da matasa ɗaki ɗaki ana nuna musu azabar Jahannama, a ƙofar fita kuma mai wa'azi yana jira. Ban tsoron da aka soki bikin dominsa, shi aka ara.

Da bikin ya komo Turai a ƙarshen ƙarni na 20, cikin kwalin 'yan kasuwa, sai rawar ta sake sauyawa, Katolika suka zama masu kuka. A 1997 kamfanin wayar Faransa ya baje dubban kabewa a dandalin da ke fuskantar hasumiyar Ifel don tallar sabuwar waya, limamai kuma suka ga baƙon yana neman ya shafe ziyarar maƙabarta ta 1 ga Nuwamba. Daga 2002 matasan cocin Faris suka fara nasu taron a daren, da kiɗa da addu'a, don maido da sunan waliyyai. A Folan, inda ko gwamnatin gurguzu ba ta iya soke hutun ranar ba sai dai ta sauya masa suna, inda kuma maƙabartu suke cika maƙil da iyalai da fitilu, bishop-bishop sukan yi gargaɗi kusan kowace shekara, ikilisiyoyi kuma su fito da yara cikin shigar waliyyai su zaga gari. Ƙorafinsu bai tsaya ga maguzanci ba, har da cewa abin na Amurka ne, na ciniki ne, kuma yana mayar da mutuwa abin wasa a ranar da aka keɓe don a tuna ta da natsuwa.

A Jamus ne tsohuwar rigimar take zaune a cikin kalandar hukuma kanta. Jihohi tara, yawancinsu na arewa da gabas inda Furotesta suka fi rinjaye, suna hutu ranar 31 ga Oktoba don tunawa da Luta. Jihohi biyar na kudu da yamma suna hutu ranar 1 ga Nuwamba don waliyyai, kuma a irin su Bavariya doka ta sa ranar cikin ranakun natsuwa da ba a rawa, saboda haka masu shagalin Halowin dole su kashe kiɗa tun kafin asuba. Yaran Jamus kuwa, na arewa da na kudu, sun koyi bin gidaje da jaka kamar takwarorinsu na Amurka. Da cocin Luta ta arewa ta ga ba ta da ikon hana su, sai ta sa aka yi mata alewa ta musamman, an buga hoton Luta a jikin takardar yana kashe ido ɗaya, ana sayar wa ikilisiyoyi buhu buhu, domin idan fatalwa ta ƙwanƙwasa ƙofar fasto a daren, ya samu abin da zai zuba mata.